Gina Shafi a Garin da Aka Yanke wa Waya

Ta ƙofar shagon buga takardu na shiga sana'ar gina shafukan intanet. Maigidana yana da ɗan shago a Bulabulin, cikin Maiduguri, ba nisa da Kasuwar Monday, da 'yan kwamfutoci, injin fotokwafi da ƙaramin janareta. Da rana muna buga katin biki da takardun neman aiki, muna cike wa ɗalibai fom ɗin JAMB. Da yamma, in mutane sun ragu, sai in buɗe Blogger in rubuta labaran unguwa da Hausa. Da makarantu masu zaman kansu suka fara neman a yi musu shafi, na koma WordPress.

Ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yanke layukan waya, modem ɗinmu ya mutu tare da su. Ba a jima ba aka hana amfani da wayar Thuraya ita ma. Abin da ya rage wa garin shi ne 'yan shagunan intanet masu faifan tauraron ɗan'adam, kuma layin mutane a bakinsu yakan kai har titi. A irin wannan layi wata dattijuwa ta riƙe hannun rigata, ta miƙo mini takarda mai adireshin imel, ta ce, "Ɗana, in ka shiga ka gaya wa yarona da ke Kano muna nan da ranmu." Na ce, "To, Baba, in sha Allahu." Da saƙonta na fara. Wanda ya tsaya a layin nan ba zai ƙara ɗaukar minti ɗaya na intanet da wasa ba.

A wannan tsakanin wani ɗalibin Ramat Polytechnic ya kawo mana XAMPP a filashi. Manhaja ce da a lokacin take girka Apache da PHP da MySQL a cikin kwamfutarka, sai WordPress ya tashi a gabanka kamar yana kan intanet, alhali ko igiya ba ka jona ba. Wannan ya sauya mana tsarin aiki gaba ɗaya. A shago muke gina shafi tun daga tushe har ƙarshe, mu gwada, mu gyara, mu rubuta maƙaloli a Notepad++, sannan mu ɗauki filashi mu je shagon intanet mu sayi awa guda, mu ɗora komai da FileZilla. Maƙalolin kuwa mukan sa wa kowace ranar fitarta, WordPress ya riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya muna can Bulabulin ba layi. Littattafan koyon HTML da CSS ma mukan sauke mu ajiye, yara su karanta a shago.

Da layi ya dawo bayan watanni, sai muka lura da wanda yake karanta mu. Ba mai babbar kwamfuta ba ne. Mai ƙaramar Nokia ne da Opera Mini, wanda ya sayi datar naira ɗari yana lallaɓa ta. Hoto ɗaya daga kyamara yakan kai megabait uku ko huɗu, kuma shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya rufe shafin. Muka kafa wa kanmu doka: ba hoton da zai hau sai an rage faɗinsa, an matse shi ya koma ƙasa da kilobait 100. Ƙarin manhajojin da ake liƙa wa WordPress, duk wanda ba dole ba muka cire. Kafin mu miƙa aiki, maigida yakan aike ni wajen mai shayin bakin layi in buɗe shafin a wayarsa. In ya buɗe da sauri a can, aiki ya yi.

Haruffanmu masu ƙugiya ma sun sha ba mu wahala. Sau da yawa ƙ da ɗ da ɓ sukan fito alamar tambaya ko ɗan akwati, har muka gane cewa shafi da rumbun bayanansa dole su kasance a tsarin UTF-8, kuma a zaɓi salon rubutu mai ɗauke da su, irin Noto. Yau Gboard yana da allon Hausa, don haka mai rubutu ba shi da dalilin yar da ƙugiya.

Sai 2021 ta zo da duhu. A watan Janairu aka fasa turakun wutar da ke kan hanyar Damaturu. Aka gyara a watan Maris, bayan 'yan kwanaki aka sake fasawa, Maiduguri ta ci mafi yawan shekarar ba lantarki. Kuɗin man janareta ya fara cinye ribar aiki. Maigida ya sayar da manyan kwamfutocin ya sayi na tafi-da-gidanka, ya ɗora farantin sola a kan rufi da batir ɗaya. A lokacin na riƙi Git da hannu biyu, domin yana ajiye tarihin kowane gyara a cikin kwamfuta ba sai da intanet ba, in layi ya samu ka tura zuwa GitHub. Ko wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, ka san inda ka tsaya.

A watan Yunin shekarar gwamnati ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Na ga marubuta masu kaifin alƙalami sun wayi gari ba hanyar kaiwa ga masu karatunsu, saboda duk jama'arsu a dandalin wani suke. Daga baya katunan naira suka daina biyan dala, sunayen shafukan da aka saya a waje suka fara mutuwa a hannun masu su. Mu muka mayar da abokan cinikinmu .ng da .com.ng ta hannun dillalan da NiRA, mai kula da sunayen .ng, ta amince da su, ana biya da naira, takardar tsaron shafi kuma kyauta daga Let's Encrypt. Kuma da sunan mai shafi ake rajista, ba da sunan maginin ba. Maigida yakan ce mini, "Yaro, amana ce. Ko ba ma nan, kada makaranta ta rasa shafinta."

Gobara ta cinye Kasuwar Monday a Fabrairun 2023. Ranar 10 ga Satumban 2024 kuma madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange, Bulabulin, fadar Shehu, gidan namun daji na Sanda Kyarimi, har asibitin koyarwa. Cikin dare muka fita, yara a kafaɗa, ba wanda ya tuna da kwamfuta. Da ruwa ya janye muka tarar da shago cike da laka. Maƙwabcinmu mai ɗaukar hoto ya kasance yana kwafe aikinsa a faifai na biyu, amma faifan a aljihun teburin shagon yake, ruwa ya haɗa da shi. Na ga mutumin nan zaune yana share laka daga faifan da bakin rigarsa, hotunan bukukuwan mutane na shekaru suna ciki.

Namu aikin ya tsira ne saboda kwafinsa ba a Maiduguri kaɗai yake ba. Lambobin shafukan suna GitHub, UpdraftPlus kuma yana tura kwafin rubutu da hotuna zuwa Google Drive kowane mako. Daga gidan 'yan'uwa a ɓangaren da ruwa bai kai ba, da waya kawai, na sa wa wata makaranta sanarwa ga iyaye a shafinta. Layi yana rawa a kwanakin, amma shafin mara nauyi ne, ya buɗe.

Yanzu ni ma ina da yara masu koyon aiki, kuma kowa da zane da launi yake son farawa. Nakan ce, "Ƙanena, wannan zai zo." Aikin farko da nake ba shi shi ne ya tayar da shafi a kwamfutarsa ba intanet, ya ɗauki kwafinsa, ya goge shafin ƙarƙaf, sannan ya dawo da shi daga kwafin ina tsaye. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana da rai ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ya iya wannan nake yarda ya taɓa aikin mutane.