Fuskokin Iyayenmu a Cikin Ruwan Wanke Hoto

Babu abin da ya kai hoton dattijon Bahaushe wuyar wankewa a baƙi da fari. Rawaninsa fari sol, rigarsa fara, fuskarsa kuma baƙa a cikin inuwar rawanin. In mai wanki ya nemi aska takwas ɗin da ke ƙirjin rigar ta fito, sai fuskar ta zama gawayi. In ya ceci fuskar, rigar ta koma farar takarda ba zare ba saƙa.

Wannan matsala ce ta kai ni ɗakin wanke hoto a nan Kumasi. Baba Alhaji, wanda nake yi wa magatakarda, ya danƙa mini akwatin nagetif na naɗe-naɗen sarauta da saukar karatu tun zamanin mahaifinsa. Da na buɗe, warin tsami ya buge ni, alamar danshin garin nan ya fara cin fim ɗin. Wanda bai hau takarda yanzu ba, gobe babu shi.

Tsohon mai hoton da na kai wa aikin ya tsufa a kan Dektol, garin maganin Kodak da ake damawa a ajiye a kwalba, a riƙa surka kashi 1 da ruwa kashi 2. Samunsa ya yi wuya, kuma zafi na saurin mayar da damammen ruwan kalar shayi. Bayan haka akwai sinadarin metol a cikinsa mai sa ƙaiƙayi, shi kuwa tsohon yatsunsa duk sun tsattsage. Sai wani ɗanmu ya aiko daga Ingila da Ilford Multigrade, wanda yake zuwa a ruwa, babu metol, ana surka kashi 1 da ruwa kashi 9.

"Malam Magatakarda," in ji shi, "ban yarda da maganin da ban dama da hannuna ba."

"Baba, a gwada dai," na ce.

Muka jera faranti uku a ƙarƙashin jar fitila: na fito da hoto, na tsayarwa, na kafewa. Kamfanin ya ce a yi aiki a ma'aunin zafi 20, amma ruwan famfonmu ya haura haka nesa, sai da muka sayo ƙanƙara. Nagetif ɗaya, haske ɗaya, takardu biyu, ɗaya a tsohon magani ɗaya a sabo. Cikin daƙiƙu kaɗan girar wani malami da ya rasu tun ina makarantar allo ta fara ɓullowa a ƙarƙashin ruwa, sannan tsagar kumatunsa. Na yi masa addu'a a zuci. Tsohon bai ɗago ba, yana ta jijjiga faranti har minti ɗaya ya cika.

Da takardun suka bushe muka fito da su tsakar gida. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai. Baƙin Dektol ya ɗan fi sanyi a idona, na sabon kuwa tsaf yake, bai rina gefen takardar ba. Alherinsa na gaske shi ne a surka daidai buƙatar yini, sauran ya zauna a rufe watanni. Amma duk wanda ya ce maka sabon magani zai ceci fuska a ƙarƙashin rawani, talla yake yi. Abin da ya cece ta shi ne sauko da matacin haske daga lamba 3 zuwa 2, da kuma hannun tsohon, da yake kaɗa wata 'yar takarda a kan waya don ya kare fuskar, sannan ya ƙara wa rigar haske ta tsakanin yatsunsa. Wannan ba a kwalba yake zuwa ba, kuma babu yaro ko ɗaya da ke zaune kusa da shi yana koyo, abin da ya fi tsada da ƙarancin magani damuna.

Mun wanke kusan rabin akwatin. Baba Alhaji yana gane wasu, yana faɗa ina rubutawa da fensir a bayan hoton, da boko da ajami. Wasu kuwa ya yi shiru ya ce sun ɓace masa. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da suka san mutanen zango na da, ya kawo su zauren Baba ranar Juma'a bayan la'asar, hotunan na shimfiɗe a kan tabarma.