Tambayar Da Ba Ta Fitowa A Jarrabawa

Wannan watan ba sharhin fim na kawo maka ba. Wani abu ne da ya faru da ni a aji, wanda har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi, na ga ya kamata in ba ka labari.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare ta maza a Kano. Na daɗe ina koyar da adabi yadda aka koya mini: wa ya rubuta littafin, a wace shekara, mene ne jigonsa, kawo karin magana 5 daga ciki. Yaro ya haddace, ya juye a takardar jarrabawa, shi ke nan an wuce wurin. Tambayi ɗalibaina game da Shaihu Umar, nan take za su ce maka Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta, daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ya fito, an buga shi a 1934, shekara ɗaya da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. 'Yan son fim a cikinsu har su ƙara maka da cewa Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Amma abin da suka ji a ransu da suka karanta, wallahi ban taɓa tambaya ba. Ni ma ba a taɓa tambaya ta ba.

A 2015 aka kawo mini wani yaro ajin. Daga Borno iyayensa suka gudo saboda rikicin Boko Haram, yana zaune gidan kawunsa. Hausarsa da saura, ga shi ba ya magana. Yara kuwa ka san halinsu, nan da nan suka laƙaba masa "ɗan gudun hijira", in ya buɗe baki su kwaikwayi muryarsa a kwashe da dariya. Na tsawatar sau ɗaya ko biyu na ci gaba da harkata. Aji ya haura mutum 80, manhaja tana jira, da wanne zan ji?

In ka manta labarin Shaihu Umar, bari in tuna maka. Mahaifin Umar ya rasu, uwarsa ta auri Makau. Mahassada suka yi wa Makau sharri wurin sarki aka kore shi daga Kagara. Uwar ta tafi ganin iyayenta ta bar yaron a hannun amana, kafin ta waiwayo an sace shi. Daga wannan hannu zuwa wancan, har ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetara Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Ita kuwa uwar ta bazama neman ɗanta, ita ma aka bautar da ita.

Ranar da muka zo inda uwar ta ji an sace ɗanta, ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na rufe littafin na ce, "To, me kuke jin matar nan ta ji a daren?"

Wani daga baya ya ce, "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" Aka yi dariya. Da na matsa, kowa amsa ɗaya: "Ta ji ba daɗi." Ka ji fa, mai karatu. Harshe mai yalwa kamar Hausa, amma samari 'yan shekara 16 ba su da abin faɗa sai "ba daɗi". Na ɗauki alli na rubuta a allo: baƙin ciki, takaici, fargaba, zullumi, nadama, kewa. Na ce su zaɓa, kuma su faɗi dalili. Nan fa gardama ta kaure. Wannan ya ce nadama ce, don da ba ta bar shi ba da ba a sace shi ba. Wancan ya ce zullumi ya fi, don wanda ɗansa ya mutu ya san inda kabarin yake, ita kuwa ba ta san komai ba.

Sai na hango hannu a lungu. Yaron nan ne, karo na farko. A hankali ya ce, "Malam, ba za ta yi barci ba. Duk motsin da ta ji a bakin ƙofa za ta ce shi ne."

Ajin ya yi tsit, ko tari babu.

A nan na tafka kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Daɗi ya kwashe ni, darasi ya yi armashi, sai na ce, "Kai ma haka ta faru da ku? Tashi ka ba 'yan'uwanka labari." Ya tashi, ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Can sai ya ɗauki jakarsa ya fita. Kwana 3 ban gan shi ba.

Na nemi gidan na je. Kawun ya karɓe ni a zaure da mutunci, ya ce, "Malam, ƙanensa ne ya ɓace ranar da suka gudo. Har yau shiru. Uwarsu ce ba ta barci." Na rasa inda zan sa kaina. Na ba kawun haƙuri, aka kira yaron shi ma na ba shi haƙuri.

A hanyar komawa gida na gane abin da na ɓata. Mu Hausawa an rene mu da kunya da kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, namiji ba ya kuka a gaban mutane, kullum ana tuna mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaron da aka rena haka ba zai tsaya gaban mutum 80 ya ce ga abin da ke cin sa ba. Amma zai iya faɗin abin da ke cin uwar Umar. Littafin ya zama masa labule, yana magana daga bayansa, abokansa suna ji suna fahimta ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ni kuma na zo na yaye labulen.

Da ya dawo ban sake ɗaga maganar ba. Sai na ba ajin aiki: kowa ya rubuta wasiƙa da bakin uwar Umar zuwa ga ɗanta, kada a sa suna. Na karanta wasu a fili. Ba zan yi maka ƙarya in ce tsokana ta mutu a ranar ba. Amma sunan nan ya yi ta raguwa har na daina jin sa. Ranar da muka kai inda Umar ya gamu da uwarsa a Tarabulus, ta rasu ba da jimawa ba, na ga shugaban masu tsokanar ya matsa ya tura masa littafinsa suna dubawa tare.

Daga baya na zo da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu daga gida. Shugaban makaranta ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Malam, littafin soyayya a aji?" Ban ga laifinsa ba, kowa na tune da yadda aka ƙona irin waɗannan littattafai a Kano a 2007. Na ba shi ya karanta, ya dawo da shi ya ce in ci gaba. Muka karanta yadda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta 9 saboda amarya, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. Wasu yaran suka goyi bayan Alhaji, na ƙyale su suka faɗi hujjarsu, 'yan'uwansu suka ba su amsa. Wani ya ce, "Malam, irin Rabi suna da yawa a unguwarmu," muryarsa na rawa. Wannan karon ban ce ya tashi ba. Na ce, "Gaskiya ne," muka juya shafi. Mazan gobe ne fa waɗannan, gara su ɗanɗani halin Rabi a takarda tun kafin su ajiye mata.

Saboda haka mai karatu, ko ba ka taɓa riƙe alli ba, kai ma malami ne a gidanku. In kun gama kallon fim da ƙannenka, ko ke 'yar'uwa in kin ara wa ƙanwarki littafi ta dawo da shi, a tambaye su me wance ta ji, kuma me ya sa. In an ga amsar ta fi ƙarfin labarin, a saurara kawai, kada a tona.

Allah ya bayyana waɗanda suka ɓace, ya sanyaya zukatan iyayensu, amin. Sai wani watan in muna da rabon ganawa.