Samun Aiki da Riƙe Shi: Abin da Shekaru Suka Nuna a Sha'anin Naƙasassu

Neman abinci ga mai naƙasa a ƙasar Hausa ya daɗe da tsarinsa, tun gwamnati ba ta sa baki a maganar ba. A manyan birane irin su Kano da Zariya da Katsina, makafi na da sarkinsu, guragu na da nasu, kutare ma haka, kuma sarauta ce ta sosai, mai naɗi da rawani. Sarkin Makafi ne ke sasanta rigima tsakanin jama'arsa, ya karɓi baƙon da ya taso daga ƙauye, ya sama masa makwanci, ya raba sadakar da wani attajiri ya aiko a dunƙule. Gaskiya ne bara ce ginshiƙin wannan tsari, sai dai dattawan da suka ga wancan zamani sun san ba ita kaɗai ba ce. Makafi sun yi suna a tufkar igiya. Mutum zai zauna a inuwa da damin ramar da aka jiƙa, ya saƙala bakin igiyar a babban yatsan ƙafarsa, yana murzawa yana ƙara sili, yatsunsa na gaya masa inda ta yi kauri da inda ta sirance. Mai shanu da mai rijiya kuwa ƙwarin igiyar suke saya, ba tausayi ke kawo su ba. Guragu sun yi dukanci da ɗinkin hula da saƙar tabarma. Kurame sun shiga noma da gini da sassaƙa kamar kowa.

A fagen ilimi ma haka ne. Makafi da dama sun haddace Alƙur'ani, sun yi ladanci, sun karantar. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana yaro, kuma waƙarsa ta Imfiraji har yau ana nazarinta a jami'o'i. Malamai sukan tunatar da cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum, sahabin da Suratu Abasa ta sauka a kansa, makaho ne, ya yi ladanci a Madina, kuma Annabi (SAW) ya sha wakilta shi a garin idan an fita yaƙi. Damƙa wa naƙasasshe amana ba baƙon abu ba ne da aka shigo da shi daga waje.

Wanda ya daɗe yana lura zai ga cewa tun a gida ake yanke wa naƙasasshe makomarsa, yana ɗan shekara bakwai ko takwas. Ranar da aka tura 'yan'uwansa makaranta ko wajen koyon sana'a, shi kuma aka ce “bar shi, ai shi sai dai a taimaka masa”, ranar aka rufe masa ƙofa. Sau da yawa ƙauna ce ke jawo haka: uwa tana tsoron kada a ture shi, kada yara su yi masa dariya. A wani gidan kuma lissafi ne, an ga yaron zai kawo kuɗi idan aka zaunar da shi a bakin masallaci. Asarar ma biyu ce, domin yaron da aka ba sanda ya yi wa makaho jagora shi ma ya rabu da makaranta ke nan. Makarantu na musamman suna nan, ko da yake sun yi kaɗan. Ta makafi da ke Gindiri a Jihar Filato an buɗe ta tun 1953, Kano na da ta Tudun Maliki inda ake koyar da kurame da makafi, kwalejin tarayya da ke Oyo kuma tun 1977 take horar da malaman wannan fanni. Naƙasassun da ake gani yau suna koyarwa ko suna aikin jarida ko suna zaune a ofis, in aka bi sawu, galibi za a tarar da wani uba ko wata gwaggo da ta kafe sai an kai su makaranta.

Akwai kuma wata tsara da ya kamata a yi lissafi da ita. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jita, cutar ta sake bazuwa. An shawo kanta daga baya, har a watan Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Amma yaran da ta shanye wa ƙafa a waɗancan shekaru yanzu samari ne da 'yan mata, daidai lokacin neman aiki da aure. Ga kuma waɗanda sanƙarau ya kurumtar, da waɗanda haɗarin babur ya raba da ƙafa, da waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya naƙasa.

Doka ta zo a makare. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, amma sai a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu a ce aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu naƙasassu ne. Ta sa tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna bambanci, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga. A 2020 kuma aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. Duk wannan ci gaba ne. Sai dai wanda ya san aikin gwamnati ya san “iya ƙoƙari” mafaka ce ga wanda bai yi niyya ba, kuma ba kasafai ake jin an ci tarar wata ma'aikata ba.

Mai neman aikin ofis yakan faɗi tun kafin a tambaye shi komai. Sanarwar tana intanet, a shafin da manhajar da ke karanta wa makaho allo ba ta iya karantawa. Ganawar an sa ta a hawa na uku, sai dai a cicciɓi mutum kamar buhu a hau da shi, ya isa gaban masu tambaya riga a yamutse, zuciya a karye. Kurma ya zo, babu tafinta. Wani ma tun a ƙofa maigadi zai tare shi da “Malam, a yi haƙuri, Allah ya kawo”, alhali takardar digiri ce a jakarsa. Maganin waɗannan duk mai arha ne: a sauko da ganawar ƙasa, a kira mai maganar hannu, a ƙara wa makaho lokaci. Hukumar JAMB tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta hanyar da ta dace da su, ke nan ba abu ne da ya gagara ba.

Mafi yawan naƙasassu dai ba aikin ofis za su yi ba, kamar yadda mafi yawan masu lafiya ma ba shi suke yi ba. Sana'ar hannu ce da saye da sayarwa. A nan aka fi kashe kuɗi, a nan kuma aka fi tafka asara. Duk wanda ya manyanta ya ga bikin rabon kayan tallafi ba sau ɗaya ba. An kafa rumfa, babban baƙo ya makara, an jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Kafin la'asar dillalai na bakin ƙofa, keken da aka sayo da tsada ya tafi a rabin kuɗinsa. Masu rabon sai su ce ai mutanen nan sun saba da bara, ba sa son aiki. Akwai zalunci a wannan hukunci. Horon mako biyu ba ya mai da mutum tela. An ba shi keke mai feda alhali ƙafafunsa ne suka shanye, domin ba wanda ya tambaye shi. Ba shago, ba kuɗin zare da yadi, ba wanda ya san shi da ɗinki balle ya kawo masa, ga iyali na jiran cefanen ranar. Wanda ya sayar da keke a irin wannan hali lissafin mai hankali ya yi.

Abin da aka ga yana ɗorewa shi ne tsohuwar hanyar da 'ya'yan kowa ke bi, wato a kai yaro wajen ubangida. A shagon kafinta ko na tela, kurma ba ya buƙatar dogon bayani. Maigida ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna masa da hannu, ya rubuta awo a jikin katako, ya girgiza kai in an yi kuskure. Cikin 'yan watanni sauran yaran shago sun tsinci maganar hannu, har ana raha da ita. Abin da ubangida ke bayarwa ya wuce koyarwa. Shi ke tura wa yaronsa masu kawo aiki, shi ke tsaya masa a ba shi kaya bashi a kasuwa, shi ne kuma ranar yaye zai ce wa jama'a wannan nawa ne. Ba takardar shaidar horo da ke yin wannan aiki. Matsalar ita ce watannin farko, lokacin da ɗan koyo ba ya samun komai, alhali zaman Juma'a ɗaya a ƙofar masallaci zai iya kawo abin da ya fi na makon shago. Duk shirin da bai tanadi kuɗin mota da na abinci na waɗannan watanni ba, da wuya ya riƙe mutum har ya ƙware. Ƙwarewar kuwa dole ce. Mai kawo ɗinki yakan zo karon farko don tausayi, amma in wuyan riga ya karkace ba zai dawo ba, kuma tsofaffin masu sana'a daga cikin naƙasassu su ne suka fi tsananta wa yaransu a kan haka.

Wuraren da naƙasassu suka kafa da kansu sun fi daɗewa a raye. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, wadda Aminu Ahmad Tudun Wada ya daɗe yana jagoranta, tana da wurin ƙera kekunan guragu. Masu waldar a ƙasa suke zaune, bututun ƙarfe a gabansu, suna yanka suna lanƙwasawa, suna ɗaura ƙafafun keke uku, suna jawo sarƙa zuwa sama inda hannu zai riƙa tuƙawa. Wanda ke ƙera abin da shi ma yake hawa ya san inda kujera ke cin baya, ya san tsayin da ya dace da hannu. A Jos ma akwai irin wannan wuri da Ayuba Gufwan ya yi fice da shi, wanda a 2024 aka naɗa shi shugabancin hukumar naƙasassu ta ƙasa. Keke irin wannan jari ne: da shi ake zuwa makaranta, da shi ake zuwa shago, a kansa ma wasu ke kasa kayan tireda. Wayar hannu ta ƙara buɗe wasu ƙofofin, kamar sana'ar cire kuɗi ta POS da gyaran waya da talla a WhatsApp, waɗanda duk a zaune ake yin su.

Samun aiki na rana ɗaya ne, riƙe shi kuwa na kullum, kuma ƙananan abubuwa ne ke kore mutum. Mai A Daidaita Sahu ya ga keke ya wuce, ko ya nemi kuɗin mutum biyu, har abin hawa ya cinye rabin albashi. Banɗakin ofis ƙofarsa ba ta shigar keke, sai ma'aikaci ya yini bai sha ruwa ba. Ana taron ma'aikata, kurma na zaune yana kallon leɓɓa, an yanke shawara bai san me aka ce ba. Mafi muni shi ne wanda ake yi da sunan kyautatawa: “Ka yi zamanka a gida, albashinka zai riƙa zuwa.” Wanda aka yi wa haka ba ya koyon aiki, ba ya samun ƙarin girma, kuma ranar da aka zo tantance ma'aikata sunansa ne farkon fita. Shugaban kirki tebur yake ba shi da aiki na gaske, ya tambaye shi me zai sauƙaƙa masa, ya yi masa faɗa in ya makara kamar yadda zai yi wa kowa.

Ba kowa aka haifa da naƙasa ba. Direba ya rasa ƙafa, injin masana'anta ya cinye yatsun ma'aikaci, ciwon suga ya taɓa idon malamin makaranta. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma ma'aikata da yawa ba su san da ita ba, masu aikin yini kuwa ba ta kai gare su. Sau tari canjin wurin zama ya isa, direba ya koma kula da fitar motoci, malami ya ci gaba da koyarwa wani na duba masa takardu. Masu farfaɗiya da masu jinyar ƙwaƙwalwa ɓoyewa suke yi don tsoron kora. Mace kuwa nauyinta biyu ne, domin ita ko fita koyon sana'ar sai an yi da gaske a gida.

Jihohi sun gwada hana bara da ƙarfin doka, Kano a 2013, Kaduna kuma daga 2015. An kwashe mutane a mota, an mayar da wasu garuruwansu, bayan 'yan watanni suka dawo inda suke, domin ba a ba su abin da zai maye gurbin kwanon ba. Gwamnati ta fi iya abin da ke hannunta. Ma'aikatar da ke da mutum 200, doka na neman 10 daga cikinsu su zama naƙasassu, kuma kowane shugaba zai iya ɗauko rajistarsa ya ƙirga. Wa'adin gyaran gine-gine ya cika tun watan Janairun 2024, amma har yanzu sakatariyoyi da kotuna da bankuna da yawa matakala ce kaɗai ke kai mutum ciki.