Tsakaninmu: Na Koma Hawan Keke

Ku matso, maganar ba ta kowane kunne ba ce. Wanda kuka ji ana cewa an gani da sassafe a kan keke wajen Kawukudi a nan Accra, ni ne. Alhaji, daina dariya, bari in gama.

Tun 2022 abin yake raina, shekarar da kuɗinmu sidi ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari, kuɗin motar haya, turoturo, ya yi ta tashi. Sai dai in gaya muku gaskiya, ba kuɗin mota ne ya kore ni ba, zaman cunkoso ne. Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, mutum zai zauna a mota gumi na zuba, yana kallon mai tura baro ya wuce shi. Na sayi keke na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Mai gyara ya sa sabon birki da ƙararrawa, shi ke nan.

Daɗin fa? Wallahi unguwa ta dawo mini sabuwa. A mota hannu kawai kake ɗagawa. A keke kuwa ƙafa ɗaya za ka sauke, ku gaisa da tsoho a ƙofar masallaci, ka tambayi jikin Hajiya, ka tsaya wajen mai koko da ƙosai. Lungunan Maamobi da mota ba ta shiga duk naka ne. Zumuncin 'yan uwa na Sabon Zongo ma ya farfaɗo: in bi Ring Road, in ratsa Circle, in ɓulla ta Abossey Okai, sai ga ni a Sabon Zongo, unguwar Malam Baƙo, ba tare da jiran mota ta cika ba. Gwiwa ta saki, barci ya gyaru.

Amma kada in ruɗe ku, Yaya. Titin Accra ba don mai keke aka yi shi ba. Direban turoturo da ya hango fasinja zai yanko gabanka ba sigina, yaron mota ya bankaɗo ƙofa. Ɗan okada ya zo ta dama, aboboya mai ƙafa uku ta hagu, ga gota a buɗe tana jiranka. Gadojin Circle da aka buɗe a 2016 sun sauƙaƙa wa motoci, mai keke kuwa sai ya yi ta kansa a ƙasa. Da hadari ya haɗu ba na fita. Duk mun san yadda ruwa yake yi a wajen, ba mu manta da ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ba. Ɓarayi kuma, ko salla za ka shiga, ɗaure shi da sarƙa.

Abin da ya fi duk wannan ciwo bakin mutane ne. An ce na karye. Wani har ya ja ni gefe yana tambaya ko kasuwa lafiya. Uwargida kanta cewa ta yi in tuna da girmana. To, ku da kuka je Tamale, ba ku ga malamai da ma'aikata da mata da goyo a kan keke ba, har da hanyarsu a gefen titi? Wa ya ce sun karye? Iyayenmu a kan keken Rali suka je neman aure, yau mu muke jin kunyar abin.

Saboda haka ga shawara. Lahadi bayan asuba titi fayau yake. Mu haɗu a Babban Masallacin Kanda, mu gangara ta Ridge har Black Star Square mu sha iskar teku. Sharaɗi biyu: kowa da hular kwano, kuma ba tsere. Alhaji, ƙaninka yana da keke a jingine, kada ka ce mana babu.