Kalmar da Ke Mayar da Ɗalibi Ƙauye

Da hantsin wata Asabar, wani dattijo ya yi sallama a zauren wani tsohon malamin Turanci a Ƙaura Namoda, ya zaro takarda daga aljihu. Mutumin ƙasar Zurmi ne, amma shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tashe su, yana zaman haya da iyalinsa a gefen gari. Ɗansa na fari, wanda aka sayar da bijimi domin karatunsa a wata babbar makaranta, ya dawo gida ana tsakiyar zango, ya kame bakinsa, sai takardar nan aka tsinta a jakarsa.

"Malam, karanta muna wagga takarda," in ji shi. "Korar shi anka yi?"

Wani ya riga ya duba masa ita a tashar motar Shinkafi, ya ce kora ce, kuma tun daga ranar uwar yaron ba ta ci abincin kirki ba. Malamin ya karanta sau biyu. Hukuncin duka ya rataya ne a kan kalma ɗaya, rusticated, sai bayanin cewa an same shi da laifi a jarrabawa, da ambaton zango biyu.

Fi'ilin rusticate ya samo asali daga kalmar Latin rus, wato karkara, tushen da ya haifar da rural da rustic. Ma'anarsa ta farko, tun ƙarni na 17, ita ce mutum ya bar birni ya je ƙauye ya zauna, ko don hutu ko don gajiya da hayaniya. A wannan ma'ana ba ya buƙatar karɓau, mutum da kansa yake tafiya. Daga baya jami'o'in Oxford da Cambridge suka ɗauke shi ya zama sunan horo: ɗalibin da ya yi laifi a tura shi gidan iyayensa a karkara na ɗan lokaci. Haka aka yi wa marubuci Oscar Wilde a Oxford a 1877, da ya makara wajen dawowa daga tafiyar ƙasar Girka, kuma ya koma ya kammala digirinsa da sakamako mafi daraja. Magina ma suna da tasu ma'anar, wato sassaƙa dutsen gini a bar fuskarsa da kaushi.

A Ingila ta yau da wuya a ji kalmar a bakin mutane, amma a Najeriya da Indiya tana nan daram a takardun hukumomin makarantu. Mai koyo ya lura da abu uku. Kusan kullum wanda aka hukunta ake sa wa a gaba, a ce was rusticated. Kalmar for takan biyo baya, ta kawo tsawon lokacin ko dalilin. Sannan ɗalibi ake yi wa ita, ma'aikaci kuwa suspend ake cewa. Abin da ya raba ta da expel shi ne wa'adi, domin kora ba ta da ranar dawowa. Tun da wasu makarantu sukan cuɗanya kalmomin biyu, wajibi ne a nemi wa'adin a jikin takardar kafin a yanke ƙauna.

"Baba, ba kora ba ce," in ji malamin. "Dakatarwa ce ta zango biyu. In ya kiyaye, gurbinsa yana jiransa."

Dattijon ya yi hamdala, ya share fuska da bakin rawani. Malamin, da yake koyarwa ta zame masa jiki, ya ƙara da cewa asalin kalmar a mayar da yaro ƙauye ne ya nutsu.

"To Malam, wane ƙauye za shi koma?"

Malamin ya rasa amsa. Shekara talatin yana koyar da kalmar, bai taɓa lura da abin da ta ɗauka tabbas ba: cewa kowane ɗalibi yana da gona da rumbu da inuwar da za a tura shi ya yi nadama cikin aminci. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan horo suna ganin karkara wurin kwanciyar hankali ce. A tsakanin Zurmi da Shinkafi kuwa, manomi kan biya harajin dole kafin ya girbe geronsa, garuruwa da dama kuma sun zama kufai.

Suka tsayar da shawara yaron ya tafi wurin kawunsa mai shago a kasuwar Shinkafi, ya riƙa dawowa zauren nan duk ƙarshen wata da littattafansa. Da zai tashi, dattijon ya juya bayan takardar, ya roƙi malamin ya rubuta masa ranar komawar da ajami, domin ya karanta wa uwar yaron da bakinsa.