Kwana Huɗu A Bagwai: Hutun Da Ba Ya Buƙatar Biza

Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiyan nan na 2011, Zindagi Na Milegi Dobara, ya san yadda su Hrithik Roshan da Katrina Kaif suka jefa samari da 'yan mata cikin mafarkin ƙasar Sifen. Ga birnin Basalona a bakin teku, ga ruwa iya ganinka, ga mutane sun baje kamar ba su san ana biyan kuɗin haya ba. To amma Malam, biza fa? Kuɗin jirgi fa? Sai a gama kallo a yi ajiyar zuciya, dogon hutun makaranta ya ƙare a kan benci a ƙofar gida ana musun ƙwallo.

Alhali da yawa daga cikin matasan Kurna, Rijiyar Lemo da Bachirawa suna da kaka ko baffa a ƙauyukan arewacin Kano, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, kuma wasunsu sun shekara biyar ba su leƙa ba sai in rasuwa aka yi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne Bagwai, kuma can ma akwai ruwa.

Hanyar ba ta da wuya. A bi titin Katsina, a wuce shataletalen Miltara, a ratsa Dawanau inda babbar kasuwar hatsi take, manyan motoci sun yi layi ana loda buhunan wake da riɗi. Daga Bichi sai a saki babban titi a kama hanyar Bagwai. Uwargida za ta ce a tsaya a sayi burodi, domin ba a shiga gidan surukai hannu rabbana, ko da yake tun daga gida an ƙulle sabulu, sukari, goro da turmin atamfar Inna.

Abin da zai fara ba ɗan birni mamaki shi ne babu daji. A fim, da an ce ƙauye sai a nuno ƙungurmin jeji da bukka ɗaya tilo. Nan kuwa gona ce ke bin gona, gida na hango gida, ba taki ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Ana noma waɗannan gonaki duk shekara ba a barin su su huta, kuma tun kaka da kakanni haka ake yi. Wannan ne ya sa wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru tun daga wajejen 1960 yana nazarin yadda ƙasar kewayen Kano ke ciyar da jama'a masu yawa haka ba ta mutu ba. Amsar tana bayan kowane gida: turken awaki da tumaki. Da damina a ɗaure su, da rani a ba su harawa da karmami, a tara takinsu da tokar murhu da sharar gida, a kai gona a kan jaki ko a amalanke kafin ruwa ya sauka. A kunya ɗaya za ka ga gero, ga dawa, ga wake yana yaɗo a ƙarƙashinsu. Itatuwan da ke tsakiyar gonakin ma ba da ka suka tsaya ba. Ɗorawa ta daddawa ce, kuka ta miya, tsamiya ta kunu. Shi kuwa gawo sarkin taurin kai ne: da damina, lokacin da kowane icce ke yin ganye, shi sai ya zubar da nasa, ya bar rana ta sauka kan shuka, da rani kuma ya yi kore shar ya ba dabbobi inuwa da abinci. Manomi bai cika sare shi ba.

Saukar baƙi a irin wannan gida fim ne mai zaman kansa, ba darakta ba furodusa. Tun daga zaure yara za su kwasa a guje: "Ga 'yan birni! Ga 'yan birni!" Inna za ta fito tana "Lale, lale, sannunku da hanya," ta kawar da kai daga ɗanta na fari kamar ba shi ta yi wata tana jira ba, don ko sunansa ba ta faɗa. A kan jikoki za ta huce. Ta dubi saurayin ta ce, "Kai mijin nan nawa, haka za ka zo mini ba ko kuɗin cefane? Na sake ka!" Ta juya kan budurwar: "Ke kuma kishiya, wannan jan bakin duk don ki ƙwace mini miji ne?" Matar ɗan kuwa tana durƙushe a gefe, "Inna, mun same ku lafiya?" murya can ƙasa-ƙasa, ita da ke cika gida da faɗa a Kano.

Ranar farko wahala ce, gaskiya. Waya sai an kai shagon caji, sabis sai an hau tudu, sauro kuma ba ya jin Turanci. Amma daga rana ta biyu jiki yake saki. In a ƙarshen Agusta ne ko farkon Satumba, gero ya fara nuna, za a karyo tumu a gasa a murtsuke a tafin hannu, ga gasasshiyar masara, ga dafaffiyar gyaɗa sabuwar haƙa, ga ƙwan zabi da ke araha da damina. Da hantsi a dama fura da nono mai kauri, da dare tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Yaron da a gida sai an yi dambe yake cin abinci, nan sai ya nemi ƙari. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, Goggo ta ɗauko labarin yadda baban yaran ya faɗo daga kan jaki, shi kuma yana "Haba Goggo, a gaban yara?"

Sai ruwa. Madatsar Watari, wadda aka kammala a 1980, tana daf da garin Bagwai, kuma ita ce ta mayar da yankin wurin noman rani: shinkafa, albasa, masara, da tumatir. (Masu tuna wurin da ake jifan juna da tumatir a fim ɗin Hrithik, kada su gwada a nan. Manomin da ya kwana yana ban ruwa ba zai gane wasan ba.) Da yamma bakin ruwan yakan yi sanyi, masunta na dawowa da tarwaɗa da karfasa, shanu na gangarowa shan ruwa, balbelu na bin su. In rana ta zo faɗuwa ruwan ya yi ja, wallahi duk mai ɗaukar hoton da ya san aikinsa zai yi da-na-sanin barin kyamara a gida. Abin mamaki ne yadda masu shirya fim suka daɗe suna kwasar 'yan wasa zuwa Tiga da Bagauda don ɗaukar waƙa, ƙauye kuwa aka bar wa finafinan camama. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya ba duniya dariya da rigar baƙauye, Allah ya jiƙansa, amma shekara da shekaru ana nuna mutumin karkara a matsayin wanda bai san komai ba, har yara suka fara jin kunyar faɗin garin ubansu. Mutumin da ya san wace gona ce za ta ɗauki maiwa, wace ce sai gyaɗa, ba shi ne abin dariya ba.

Magana ɗaya ce ba ta wasa. Ruwan Watari ya ci mutane. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwalekwalen da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Har yau akwai gidajen da ba a ambaton ruwan nan sai an yi shiru. Don haka baƙo ya kiyaye: in jirgi ya cika a jira na gaba, in babu rigar ruwa a haƙura, kada a shiga da magariba, kuma kada ƙanne su je bakin ruwa ba babba. Hoton da za a ɗora a Instagram daga kan tudu ma yana fita.

A rana ta huɗu mota ba ta komawa yadda ta zo. But ɗin zai cika da wake, daddawa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, wataƙila har da zakara ɗaure da ƙafa yana kuka a ƙarƙashin kujera. Baffa zai rako har bakin hanya yana ba da sallahun maganin ciwon ƙafa. Budurwar nan da ta yi kwana biyu tana ƙunƙunin rashin sabis ita ce za a yi ta kira ba ta fito ba, tana ɗakin Inna ana ƙulle mata ƙwan zabi a tsumma. Inna kuma, ba tare da ta dubi ɗanta ba, za ta ce wa jikan, "Ka gaya wa mutumin nan da kaka akwai bikin 'yar Baffanku. In ya ga dama ya kawo ku."