Jan layi ƙarƙashin sunayenmu

Da ƴaƴanmu ƴan lakkol suka fara koya mana Word, mu matan asusun Dawce, jan layin nan ƙarƙashin kowane suna ya tsorata mu. Ashe kwamfutar Faransanci take jira, Hausa kuwa kuskure take ɗaukarta. Ƙ da ɗ ma sai an shiga Insertion an zaɓo su a Symbole.

Jadawali dai ya yi mana rana: suna, zubi, bashi, kowanne da gidansa. Amma fa jaka 5 tana zama jaka 50 da taɓawa ɗaya, babu alamar gogewa irin ta kaye. Shi ya sa duk ƙarshen wata muke kaiwa Matamaye a buga a takarda, a karanta gaban kowa, kowace ta dangwala yatsa.